Ƙanƙara a Tafin Iklima

Dalyop ne ya ce ba za a yi ruwa ba.
Ya leƙa sama ta tagar mota tun muna Taminus,
ya ce, "Wannan hadarin na Bukur ne, ba namu ba."
Muka yarda, don yardar muke so.

Mu biyar da rabi a mota ɗaya:
Sagir na tuƙi, yana zagin ramukan hanya,
ni da Rakiya a baya,
Kangyang da kwandon dankali a cinya.
Rabin kuwa Iklima ce, shekara biyu ba wata ɗaya,
takalmin roba guda a ƙafa, guda a baki.

Tafkin na kwance can bayan Rayfield,
kore, shiru, kamar mai ɓoye magana.
"Kakana ya yi haƙa a nan," in ji Dalyop.
"Shi ya ɗauki ƙasa a ka, Bature ya ɗauki kuza,
ramin da suka bari, sama ta cike shi."
Iklima ta nuna da yatsa, ta ce, "Wanka."
Na sure ta kafin taku na uku.

Tantin na aro ne, turakunsa biyu sun ɓata.
Muka danne kusurwa ɗaya da dutse,
ɗayar da Sagir.
Sai iska ta gangaro daga duwatsun Shere,
ciyawa ta kwanta, tafkin ya yi tsikar jiki,
aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Can sai ƙanƙara,
ƙwas, ƙwas, a kan murfin tukunya.
Ɗaya ta gangaro har bakin tanti.
Iklima ta tsince ta, ta ce, "Alawa!"
ta dunƙule hannu, ta hana kowa,
ta kai wa uwarta har cinya.
Da ta buɗe, sai lema.
Ta duba bayan hannun, ta duba ƙasa,
ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya
tana neman ɓarawo.
Sagir ya ɗaga hannu biyu: "Wallahi ba ni ba ne."
Kusurwarsa ta tashi sama.

Ashana ta jiƙe, gawayi ya jiƙe.
Masarar da muka zo gasawa, ɗanya za ta koma gida.
Burodi muka ci da kifin gwangwani,
shayin filas mai ɗumi-ɗumi, kofi ɗaya yana zagaye.
Muka yi alwala da abin da rufi ke zubarwa,
Kangyang ta riƙe mana fitila har muka sallame,
sannan ta sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar.

Da dare kwaɗi suka buɗe kasuwa.
Na ɗaura bakin zani a ƙafar Iklima,
ɗaya bakin a wuyan hannuna,
don taku goma ne tsakaninmu da ramin kakan Dalyop.
Ɗigo na sauka a kunnen Sagir.
Rakiya ta ce a hankali, "Wa ya aike mu?"
Wani ya fara dariya a cikin bargo,
ta kama mu duka, muna toshe baki.
A tantin nan mutum ɗaya ne ya yi barci,
shi ne mai igiya a ƙafa.

Asuba ta zo da hazo har gwiwa.
Tafkin ya matso taku biyu cikin dare,
takalmin roba na yawo a kansa, ba mai ɗaukowa.
Dalyop ya ɗaga kai, ya dubi sama, ya buɗe baki.
Mu huɗu muka ce, "Yi shiru."

A hanyar gida tana barci a ƙirjina,
tana warin laka da kifi.
Hannun damanta a dunƙule yake har yanzu.
Ban buɗe ba.